Numfashina Yana Sarƙewa, An Ce In Ɓoye Har a Ɗaura Aure

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekarata 21, ina aji uku a wata babbar makaranta a Kano, an kuma sa ranar bikina bayan Babbar Sallah. Kusan shekara biyu ke nan numfashina yana sarƙewa. Ya fi tsanani lokacin hunturu, daga tsakar dare zuwa asuba. Sai in farka ƙirjina a ɗaure, ina tari, numfashin yana wata ƙara har ƙanwata da muke kwana tare tana ji. Haka in na yi shara ko an sa turaren wuta. Tun bara kuma ko bene na hau sai haki da jiri, zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi. Al'adata tana kwana takwas, kuma tana zuba sosai. Sau biyu abin ya zo min kwatsam a aji, hannuwana suka yi sanyi suka ƙage, na ɗauka mutuwa zan yi.

Mama ta ce iska ce ko hannun mutane, tunda abin ya ƙaru bayan sa rana. An yi min ruƙiyya, an ba ni hayaƙi. In na yi hayaƙin sai abin ya ƙaru, sai a ce ai alama ce suna jin jiki. Wani mai kemis ya ba ni inhela shuɗiya, tana min aiki cikin minti kaɗan, amma yanzu ba ta kai min wata biyu. Gwaggona ta gan ta a jakata ta ce in jefar, wai wanda ya fara ba ya dainawa, kuma in dangin miji suka ji an ce asma za su fasa. Baba bai san komai ba. Wanda zan aura ma bai sani ba, in muna waya da dare na ji abin yana tasowa sai in ce masa caji ya ƙare. Anti, me ke damuna? In gaya masa, ko in bari sai bayan biki?

Wata ɗaliba daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce.

Kin rufe wasiƙarki da tambayar aure, ni kuwa da inhelar nan zan fara. Shuɗiyar da ake sayarwa a kemis galibi shaƙa 200 ce a cikinta. Wanda asmarsa take kwance ba ya buƙatarta fiye da sau biyu a mako, kuma likitocin ƙirji suna ɗaukar ƙarar da guda uku a shekara a matsayin alamar haɗari. A lissafinki ke kina ƙarar da shida ko fiye. Don haka ganin likita ya riga lefe, ya riga ɗinkin anko, kuma a makon nan nake so ki je, ba bayan jarrabawa ba. Ba don in tsorata ki na faɗi haka ba. Duk abin da kika lissafo yana da magani, mafi yawansa ma ba mai tsada ba ne, matsalar dai shekara biyu ana ta yin magani babu wanda ya tsaya ya auna ki.

Da na bi bayaninki a tsanake sai na ga abu uku ne suka haɗu miki, kowanne da irin zuwansa, ke kuma kika ɗaure su a ƙulli ɗaya. Likitan da ya ɗora abin sauraro a ƙirjinki shi zai yanke hukunci, amma gara ki shiga ofishinsa kin san abin da za ki faɗa.

Na farkon shi ne na dare. Farkawa kafin asuba da ɗaurewar ƙirji, tari, ƙarar numfashi, tashinsa da ƙura da sanyi da hayaƙi, sannan lafawarsa minti kaɗan bayan shaƙar inhela, wannan duk kamannin asma ne. Hanyoyin da iska take bi a cikin huhun mai asma suna da saurin fushi. Cikinsu yakan kumbura ya tara majina, naman da ya zagaye su kuma ya tsuke da zarar ƙura ko iska mai sanyi ta taɓa shi, sai iskar ta riƙa fita da ƙyar, shi ne ƙarar da ƙanwarki take ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 262 ne ke da asma, ta kuma yi ajalin kimanin 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta a kofi ko a shimfiɗa. Takan bi dangi, musamman gidan da ake yawan atishawa, ƙaiƙayin ido ko ƙyasbin fata mai ƙaiƙayi, amma ba ta da lissafin gado irin na sikila.

Maganar Gwaggo cewa wanda ya fara inhela ba ya dainawa, na san inda ta samo ta. Ta ga mutane suna yawo da shuɗiya shekara da shekaru, kullum buƙatarsu tana ƙaruwa. Abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Shuɗiyar, wato salbutamol, ba ta sa maye kuma jiki ba ya kamuwa da ita. Aikinta kawai ta saki naman da ya tsuke na 'yan awoyi, ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Wanda ya dogara da ita kaɗai kumburin yana nan yana ƙaruwa, shi ya sa hannunsa ba ya rabuwa da ita. Akwai inhela ta biyu, ta rigakafi, sau da yawa ruwan ƙasa ce ko ja da fari, mai ɗauke da magani irin su beclometasone ko budesonide. Ita ce take kwantar da kumburin, ana shaƙarta yadda likita ya tsara ko da mutum yana jin garau, kuma takan ɗauki kwanaki zuwa makonni kafin a ga cikakken amfaninta. Tun 2019 ƙungiyar ƙwararrun asma ta duniya, GINA, ta daina ba da shawarar a bar baligi ko matashi da shuɗiya ita kaɗai. Wato abin da zai raba ki da yawan shaƙa shi ne a ƙara miki ta biyun. Jefar da wadda kike da ita a yanzu kuwa ganganci ne, kada ki yi, ko wa ya ce.

Sai yadda ake shaƙar, don da yawa suna feshe maganin a harshe ne kawai. Ki girgiza ta, ki fitar da numfashi, ki kama bakinta da leɓe, ki danna daidai lokacin da kika fara jan iska a hankali, ki riƙe numfashin kamar daƙiƙa goma. Ya fi sauƙi da 'yar robar da ake haɗawa tsakanin inhela da baki. In ba ki samu ba, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhelar, ke kuma ki shaƙa ta bakin gorar. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabarar tun a shekarun 1990 sun ga tana aiki. Bayan ta rigakafin ki kuskure baki ki zubar, saboda kada ta sa miki farin baki ko dishewar murya.

Ki yi hattara da kemis a kan abu uku. Ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone suna buɗe ƙirji, shi ya sa ake miƙa su kamar alewa, amma na 'yan kwanaki ne a ƙarƙashin likita. Shan su wata da watanni yana kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Maganin tari mai kodin yana rage ƙarfin numfashi, ba na mai asma ba ne, tun 2018 ma gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Na uku ya shafe ki kai tsaye tunda kina fama da al'ada: asfirin, ibuprofen, diclofenac da danginsu da 'yan mata suke sha don ciwon mara suna tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Ki tuna ko akwai daren da ƙirjinki ya ɗaure bayan kin sha irinsu. Kafin ki ga likita ki tsaya a farasitamol.

Abu na biyu shi ne hakin hawa bene da jiri da bugun zuciya, kuma shi ne kowa a gidanku ya tsallake. Budurwar da take zubar da jini kwana takwas duk wata, abu na farko da ake nema a jikinta ƙarancin jini ne. Jini ne yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. In ya yi ƙasa, huhu lafiya lau amma saƙon ba ya isa, sai zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙara sauri don a cike giɓin. Irin wannan hakin ba ya zuwa da ƙarar ƙirji, kuma inhela ba ta yi masa komai, ƙila ma kin lura da haka. Ki ja fatar idonki ta ƙasa ki duba a madubi, ki dubi tafin hannunki, in sun yi fari fat alama ce. Haka kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa. Awon jini na 'yan mintoci zai nuna, a mace baliga in himoglobin, wato sinadarin da yake ɗaukar oksijin a jini, ya gaza 12 an shiga ƙarancin jini. Maganinsa ƙwayar sinadarin ƙarfe ce irin wadda ake ba masu ciki, a ci gaba da sha kamar wata uku bayan awo ya dawo daidai don jiki ya yi ajiya. Za ta mayar da bayan gida baƙi, ba abin damuwa ba ne. Kada ki kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki, lemon zaƙi ya fi. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu suna taimakawa. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa marar lafiya kuwa daɗin baki ne kawai, ba sa ƙara jini. Sannan dole a dubi ita kanta al'adar. Wadda ta wuce kwana bakwai, ko take sa ki canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko take fita da gudaji, tana buƙatar likitar mata, akwai magungunan da suke rage zubar. In ba a tare ta can ba, duk abin da kika sha zai ci gaba da zubewa. A duba miki zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma, su ma suna shan jini.

Na uku shi ne abin da ya same ki a aji. Zuwa kwatsam, sanyin hannu, yatsu su ƙage, jin cewa ajali ya zo, ya yi tsanani cikin kamar minti goma sannan ya sake ki a gajiye, wannan ya yi kama da farmakin firgici. Tsoro yana sa mutum ya riƙa jan numfashi da sauri fiye da buƙatar jiki, sai iskar da ya kamata ta ɗan saura a jini ta fice da yawa, daga nan yatsu da gefen baki su yi kamar ana tsira musu allura, hannu ya ƙage. Ba hauka ba ne, ba kuma ƙirƙira ba ce. Yarinyar da ta yi shekara biyu tana farkawa ba numfashi, an ce mata aljanu ne, an ce ta yi shiru kada aurenta ya lalace, in ba ta firgita ba ai da mamaki. Yawan shaƙar shuɗiya ma yana sa rawar hannu da bugun zuciya, sai ya zama tsoro ya sa ki shaƙa, shaƙar ta ƙara miki abin tsoro. In ya zo ki zauna, ki ɗora hannu a ciki, ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar ta baki a tsuke kina ƙirga shida. Kada ki yarda a sa miki leda ko takarda a baki ki numfasa a ciki, ga mai asma haɗari ne. Kuma kada kowa, ko da likita ne, ya sallame ki da cewa damuwa ce kawai alhali bai auna ƙirji da jini da zuciya ba. Ina sa ran in an kwantar da na farko da na biyu wannan zai ragu da kansa. In bai ragu ba akwai likitocin da aikinsu ke nan, zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Akwai wasu abubuwan da likita zai so ya kawar, ki taimaka masa da amsa ta gaskiya. Zai tambaye ki ko kina yawan ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi tun kina ƙarama, domin ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba yakan lalata ƙofofin zuciya, sai abin ya bayyana a irin shekarunki da haki, kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an tara filo. Zai tambayi tarin da ya wuce mako biyu, zufar dare, rama ko jini a kaki saboda tibi, wanda gwajinsa da maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Zai nemi sanin rukunin jininki na gado, wato ko AA ne, AS ko SS, saboda sikila. Zai tambayi shisha da sigari, in akwai ki faɗa, shishar da ake cewa ruwa yana tace ta hayaƙi ce cikakkiya har da na gawayi. In kina shan wani maganin daidaita al'ada mai sinadarin hana ɗaukar ciki ki ambata, don a wasu mata yakan sa jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu.

Ki fara da asibitin makarantarku, yawancin manyan makarantu suna karɓar kuɗin inshorar lafiya a cikin kuɗin rajista, ɗalibai da yawa ba sa amfani da haƙƙinsu. In ba su da kayan aiki su rubuta miki takarda zuwa babban asibiti. Ki tafi da inhelar, da duk wani magani da kike sha har na gargajiya. Daga yau ki riƙa rubutawa a wayarki: ranar da abin ya tashi, ƙarfe nawa, me kike yi, shaƙa nawa kika yi, rana ta nawa ce a al'adarki. Ko na kwana biyar ne zai yi wa likita amfani fiye da "ina jin ba daɗi". Ki sa ran za a saurari ƙirji, a maƙala miki 'yar na'ura a yatsa don auna oksijin, wanda a mai lafiya yake kaiwa 95 zuwa sama, a ɗebi jini, ƙila a yi hoton ƙirji. Gwajin da yake tabbatar da asma na hurawa ne: ki hura iska da ƙarfi a cikin na'ura, a ba ki inhela, ki sake hurawa a ga bambanci. Shi da hoton zuciya an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Kada ki fito sai an rubuta miki a takarda abin da za ki sha kullum da abin da za ki yi in ciwon ya tashi.

Wannan sakin layin ki karanta wa ƙanwarki, tunda ita ce a kusa da ke da dare. In numfashi ya sarƙe har ba kya iya gama jimla ɗaya, ko leɓe ya canza launi, ko kin shaƙa bai sake ki ba, ko barci da ruɗewa suna fizgarki, a zaunar da ke, kada a kwantar. Ki shaƙi shuɗiyar ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa goma, ana yi ana neman abin hawa. Ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa neman mai ruƙiyya, a yi addu'ar a hanya. Haka ciwon ƙirji mai suka da ya zo farat ɗaya, tarin jini, suma, ko kumburin ƙafa ɗaya, duk na gaggawa ne.

A gida kuma, hayaƙin nan a dakatar da shi yau. Ƙaruwar da ciwon yake yi in kin shaƙe shi huhunki ne yake tsukewa, kuma mai asma yana iya rasa ransa a cikin bargon da aka lulluɓe shi da kasko. Maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya su bar ɗakinku, ku koma gidan sauro. A yayyafa ruwa kafin shara, ko ku yi musaya da ƙanwarki ta karɓi shara ki karɓi wanke-wanke. Kafet mai gashi matattarar ƙura ce, a riƙa shanya katifa da filo a rana, a yaƙi kyankyaso. Girkin itace ko gawayi a yi shi a fili, janareta kuma nesa da taga. Da hunturu ki sa takunkumi in za ki hau adaidaita, ki rufe hanci da mayafi da sanyin asuba. Motsa jiki kada ki bari, in an daidaita magani za ki hau benen nan ba ki sani ba.

Yanzu mutanen gida. Kada ki shiga gardamar akwai aljanu ko babu da Mama, ba za ki ci ba, kuma ba a buƙata. Uwar da take jin 'yarta tana kokawa da numfashi tsakar dare ta kama abin da ta sani ne. Ki ce mata: "Mama, mu ci gaba da addu'a da karatu, amma ki raka ni asibiti a auna ni." Hadisi ne ingantacce a Bukhari cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma malamin kirki ba zai hana a haɗa addu'a da asibiti ba. Ƙaruwar ciwon bayan sa rana ma tana da bayani: tun daga lokacin zirga-zirga ta ƙaru, turare ya ƙaru, tunani ya ƙaru, jini kuma yana ta raguwa wata bayan wata. Ina so ta shiga ofishin likitan da ƙafarta, ta ga sakamakon awon jini da idonta. Iyaye mata da yawa a nan suke saukowa. In ta ƙi, ki nemi wata babba da take jin maganarta, yayarta ko wata ma'aikaciyar jinya a dangi.

Baba kuwa ya kamata ya sani, kuma ta bakin Mama ya fi kyau. Shi zai fitar da kuɗin gwaji, shi za a tasa in abu ya faru da dare, shi ne kuma waliyyin da zai ji kunya in dangin miji suka zo daga baya suna cewa an rufe su. Gwaggo ki bar ta da girmanta. Tsoronta ba na banza ba ne, ta ga auren da ƙananan maganganu suka rusa. Ki ce mata kin ji, kin gode, likita ya ce a ci gaba da maganin. Ba sai kin ƙara komai ba.

Sai shi wanda za ki aura. Ra'ayina ki gaya masa kafin biki, amma bayan kin ga likita. In kin je masa yau, abin da za ki ce shi ne wani abu yana shaƙe ki da dare ba a san ko mene ne ba, wannan kowa zai tsorata. In kin je da sakamako, magana ce gajeriya: "An auna ni, ina da asma da ƙarancin jini, ga maganin da nake sha, ga abin da ba na so a kunna a ɗaki." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Mutumin da za ku kwana ɗaki ɗaya zai ji ƙarar ƙirjinki a makon farko, kuma a lokacin ba ciwon ne zai fi yi masa zafi ba, tuna duk daren da aka ce masa caji ya ƙare ne. Ban da haka ma, shi ne zai miƙo miki inhela ya nemo mota, bai kamata ranar ta same shi bai san komai ba.

Ki ba shi damar ya yi tambaya, ko ya yi shiru na kwana biyu, wannan ba ƙi ba ne. Abin da zai fi damunsa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, haihuwa ce. Masu asma suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, inhelar rigakafi da shuɗiya duka ana amfani da su da juna biyu, abin da yake cutar da jariri shi ne uwa ta daina magani numfashinta ya riƙa sarƙewa. Gyara jininki tun yanzu ma shiri ne na wannan lokacin. In mai kallon ƙwallo ne ki gaya masa David Beckham da asma ya yi duk wasanninsa. Tunda a Kano kuke, dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a 2024 za ta kai ku asibiti tare don gwajin rukunin jini da sauransu, kina iya roƙon likita ya yi masa bayani a wannan zaman. In bakinki ba zai iya ba, ki rubuta masa saƙo, ko yayanki ya zauna da shi. Sanar da danginsa kuwa shawara ce ta ku biyu, ba wajibi ba ne a yi shela.

Zai iya yiwuwa ya ja da baya, ba zan ce miki ba zai yiwu ba. In haka ta faru zai yi ciwo, za a yi surutu, Gwaggo za ta ce ai ta faɗa. Amma ki auna da ɗaya hanyar: ki tare a gidan da kike ɓoye magani a ƙasan akwati, kina shiga banɗaki ki shaƙa, uwar miji tana turara miki ɗaki don ƙauna ke kuma ba ki da bakin cewa a daina. Ni ban ga aure a cikin wannan ba, kuma a yawancin irin labaran nan namijin da ya riga ya kai kuɗi ya sa rana ba asma ce take korarsa ba.

Saura gyaran jiki, kada in manta, don a nan amare masu asma suke faɗawa matsala. Dilka da halawa da lalle ba laifi in fatarki tana karɓa, amma turaren tsuguno da zaman lulluɓe a kan kasko ba naki ba ne. Ki gaya wa mai gyaran tun ranar farko, a turara kayan sawa a waje a bar su su sha iska, a yi miki da humra kaɗan in ba ta tayar miki. Sabon fenti da sabon kafet na ɗakin amarya a gama su da wuri a bar tagogi a buɗe. A kwanakin biki inhela ɗaya a jakarki, ɗaya a hannun babbar ƙawarki, kuma ta san abin da na ce a karanta wa ƙanwarki. In azumi ya riske ki kafin nan, manyan malamai irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin sun yi fatawar cewa inhela ba ta karya azumi, wasu sun saɓa musu, ki tambayi malamin da kika amince da shi, likita kuma zai iya mayar miki da ta rigakafin lokacin sahur da buɗa-baki.

In kin karɓo sakamakon ki rubuto min adadin jinin da sunan inhelar da aka ba ki, da yadda kuka yi da Mama. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a yi bikin lafiya.